Awa tara a Annaba: nazarin mutuwar Saje Arthur Aaron da gardamar da ta tayar a majalisarmu

Makon da ya gabaci 15 ga Janairu ne, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari har ba ka hango rimin bakin kasuwa daga ƙofar makaranta. Ina shirya wa 'yan aji biyar darasi a kan abin da ƙasashen da Ingila ta mallaka suka bayar a yaƙin Hitila. Abin da na saba faɗa musu ba ya wuce uku: gyaɗar da aka riƙa lodawa a tashoshin layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda ya ratsa ta nan ƙasarmu ta Ringim, samarin da aka ɗiba zuwa Burma a runduna ta 81 da ta 82, sai jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi, su biyo ta Legas, su sauka Kano su sha mai, su wuce Maiduguri har Khartum da Alƙahira. A wannan karon na ɗan zurfafa, sai na tarar akwai rukunonin jiragen yaƙin Ingila da aka laƙaba wa sunayen ƙasashen da suka tallafa musu. Rukuni na 91 yana ɗauke da sunan Najeriya, na 218 kuma da sunan Gold Coast, wato Gana ta yau. A cikin labarin na 218 ɗin na ci karo da wani matuƙi, Arthur Aaron.

A aji babu abin da ya faru, yara sun rubuta sun tashi. A majalisa ne magana ta yi zafi, bayan la'asar, a gindin dalbejiyar ƙofar masallaci, inda Liman yake zama da Baba Saje da mu 'yan bayansu. Baba Saje ya yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, kuma duk watan Janairu za ka gan shi da 'yar alamar nan ta 'yan mazan jiya maƙale a ƙirjin rigarsa. Kafin in kawo abin da kowa ya ce, bari in shimfiɗa lamarin yadda yake.

Mutumin da jirginsa

An haifi Arthur Louis Aaron a birnin Leeds na Ingila ranar 5 ga Maris 1922. Karatun zanen gine-gine yake yi yaƙi ya katse masa. Ya shiga sojan sama a 1941, aka tura shi Teksas ta Amurka ya koyi tuƙi, ya dawo aka ba shi jirgin jefa bam mai inji huɗu da ake kira Stirling, a sansanin Downham Market. Muƙaminsa saje ne, ba hafsa ba, amma a cikin jirgi shi ne shugaba. Su bakwai ne: shi matuƙi, da mai duba hanya, da mai saitin bam, da injiniya, da mai rediyo, da maharba biyu.

Ka'idarsu a lokacin ita ce mutum ya yi fita talatin kafin a ba shi hutu. Da yawa ba sa kaiwa. Cikin mutum kusan 125,000 da suka yi aiki a jiragen jefa bam na Ingila a wannan yaƙi, 55,573 ba su koma gida ba. Fitar da za mu yi magana a kai ita ce ta ashirin ga Aaron, yana da shekara 21.

Shi kuwa Stirling yana da wani naƙasu da kowane matuƙinsa ya sani: ba ya iya lulawa sama sosai kamar takwarorinsa. A riƙe wannan, domin tsakanin Ingila da Italiya akwai duwatsun Alps, kuma su ne suka yanke wa mutanen nan hanyar komawa.

Daren 12 ga Agusta 1943

An tura su birnin Turin a arewacin Italiya. Mako biyu da 'yan kwanaki kafin nan aka tumɓuke Musolini, shugaban gwamnatin Italiya, kuma manufar ruwan bama-baman ita ce a matsa wa sabuwar gwamnati ta ajiye makami. Suna dab da inda za su saki kayansu sai harsasai suka yi musu rubdugu. Injuna uku suka samu rauni, gilashin gaba ya tarwatse, mazaunin maharbi na gaba da na baya suka daina aiki, abin da ke ɗaga jirgi da sunkuyar da shi ya lalace. Mai duba hanya, wani ɗan Kanada, nan take ya mutu.

Shi Aaron harsashi ya karya masa muƙamuƙi, ya yage masa wani sashe na fuska, wani ya huda huhunsa, hannunsa na dama ya saki. Ya kife a kan sandar tuƙi, jirgi ya yi ƙasa da ka. Sai da ya rage ƙafa 3,000 tsakaninsu da ƙasa injiniya ya samu ya tallabo shi. Aaron ba bakin magana. Da nuni ya umarci mai saitin bam, Allan Larden, shi ma ɗan Kanada, ya karɓi tuƙi, mutumin da ba matuƙi ba.

Yanzu ina za su? Inji ɗaya ya mutu, jirgi ba zai haye Alps ba, mai nuna hanya ga gawarsa nan kwance. Sai suka juya kudu, ko Sisili ko Afirka ta Arewa, inda sojojinsu ke riƙe da ƙasa. Daga Turin zuwa gaɓar Aljeriya kusan kilomita 900 ne, ya ɗara nisan Kano da Legas in an miƙe, kuma mafi yawansa ruwan Bahar Rum ne a ƙarƙashi, cikin dare.

Aka ja Aaron baya aka kwantar, aka yi masa allurar mofin mai kashe zafi. Ya ɗan samu kansa, sai ya dage a mayar da shi kujerarsa. Aka ɗauke shi cak aka zaunar, aka ɗora masa ƙafafu a kan matakan juya jirgi domin ba ya iya ɗaga su da kansa. Sau biyu yana ƙoƙarin karɓar tuƙi jiki yana ƙi, da ƙyar aka lallashe shi ya bari. Da ya ga haka sai ya koma rubuta musu umarni da hannun hagu.

Bayan awa biyar da barin Turin mai ya fara ƙarewa, sai suka hango fitilun da aka jera a gefen titin jirgi na garin Bon a Aljeriya, wanda yau ake kira Annaba. Tayoyin sauka ba su fito ba, dole jirgi ya sauka da cikinsa. Sau huɗu suna gwadawa bisa umarnin Aaron suna sake tashi. A na biyar ya kusa suma, sai da abokansa suka riƙe shi, Larden ya ƙarasa saukar. Duk wanda ya baro sararin Turin da rai ya taka ƙasa da rai. Awa tara bayan haka Aaron ya cika. Kabarinsa na maƙabartar sojoji ta Annaba, a nan nahiyarmu. A watan Nuwamba na shekarar aka ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a ƙasarsu.

Kalmar "da"

Har zuwa nan babu wanda ya katse ni a majalisa. Sai da na zo kan wata jumla a takardar da gwamnatinsu ta fitar ta ba shi lambar. Ma'anarta ita ce: da ya haƙura ya kwanta ya adana sauran ƙarfinsa, da wataƙila ya warke, amma ya ga wajibinsa ne ya yi iyakar ƙoƙari don kada jirginsa da mutanensa su faɗa hannun abokan gaba.

Liman ya ajiye carbinsa a cinya. "Malam, tsaya. Wa ya gaya musu? Mutum huhu a huje, fuska a yage, sannan a ce da ya kwanta da ya rayu? Kwanansa ne ya ƙare. Wuya ba ta kisa sai ajali." Ya kawo hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa idan wani abu ya same ka kada ka ce da na yi kaza da kaza ya faru, ka ce Allah ne Ya ƙaddara, domin "da" tana buɗe wa Shaiɗan ƙofar aiki. Abin da ya fi damunsa ma, in ji shi, iyayen yaron ne. Ka miƙa wa uwa takarda mai cewa ɗanki da ya kwanta da yanzu yana gabanki, ai ka ba ta abin da za ta kwana da shi har ƙarshen ranta.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ni a ganina ba nadama suke nufi ba. So suke su nuna abin da ya biya. In aka ce ko ya kwanta ko ya tashi mutuwa zai yi, to tashinsa bai ci masa komai ba ke nan."

Baba Saje bai bi bayan kowa ba. Ya ce mu duka ba mu taɓa ganin mai rauni a bakin daga ba. "Ɗana, wanda ke riƙe da mutane ba ya iya kwanciya. Ba jarumta ba ce kaɗai, har da tsoro. In ka kwanta kana jin ƙarar inji tana canzawa, ka san wanda ke kan kujerarka bai taɓa saukar da jirgi ba, wane kwanciya za ka yi? Gara a zaunar da kai kana gani."

Wannan bayani na Baba shi ya fi kwanta mini, kuma ina ganin ya fi na takardar kusa da yadda ɗan Adam yake. Takardar ta mayar da abin kamar ciniki, an ɗora rai a sikeli ɗaya, aiki a ɗaya, mutum ya zauna ya zaɓa. Wanda aka yi wa allurar mofin, jini na zuba cikin huhunsa, ba ya irin wannan lissafi. Abin da horo ya dasa masa da nauyin mutanen da ke tare da shi su ne suka tashe shi. Akwai ma abin da masu yabo ba su cika son tsayawa a kai ba: a yunƙuri na biyar sai da aka riƙe shi kafin jirgi ya sauka. Wato dagewar da ta taimaka musu a sararin teku ta kusa zame musu matsala a bakin ƙasa. Larden ne ya kammala aikin, shi ma an ba shi lambar jarumta, haka injiniya da mai rediyo, amma sunan wanda ya mutu ne ya fi tashi.

Game da ajali kuwa, ban yi jayayya da Liman ba kuma ba zan yi ba. Sai dai akwai bambanci tsakanin wanda harsashi ya ɗauke nan take, kamar mai duba hanyarsu, da wanda aka bar wa awa goma sha huɗu tsakanin rauni da cikawa. Na farko labarinsa jumla ɗaya ce. Na biyu an ga abin da ya yi da sauran numfashinsa, kuma akwai waɗanda suka tsaya a kansa suna kallo. Yarda da ƙaddara ba ta hana a rubuta waɗannan awanni.

Harsashin wa?

Takardar lambar ta ce jirgin yaƙin abokan gaba ne ya harbe su. Abin da masu bin diddigin tarihi suka fi rinjayarwa daga baya shi ne wutar daga wani Stirling ɗin nasu ta fito, maharbin bayansa ya ga inuwa cikin duhu ya zaci maƙiyi ne ya buɗe wuta.

Na zaci wannan zai rage wa labarin daraja a idon majalisa. Baba Saje dariya ma ya yi, irin wadda ba ta daɗi ba. "Harsashi ba ya tambayar na wa ne kai. Kuma ba a taɓa aika wa iyaye cewa namu ne suka harbe shi ba." Ya yi shiru daga nan, mu ma ba mu tone ba.

Ni dai a wajena nan ne takardar ta gaza. Abin da Aaron ya yi bayan harbin bai canza ba ko daga ina harsashin ya fito, saboda haka babu abin da gaskiyar za ta rage masa. Kuma mu 'yan Arewa ba baƙin wannan magana ba ne. Mun san Rann a Janairun 2017, mun san Tudun Biri a Disambar 2023, inda wuta daga sama ta sauka a kan waɗanda ba su aka nufa ba. Mun san yadda zuciya ke ɗan samun sauƙi idan an fito an ce kuskure ne daga gare mu, da yadda take ƙuna idan an yi ta kewaye-kewaye.

Liman ya ƙara da tambayar da ta dace da shi: "To mutanen garin da zai jefa wa bam ɗin fa, su wa ya tuna da su?" Turin gari ne mai masana'antu, can ne cibiyar kamfanin motoci na Fiat, amma a gidajen da ke kewaye da masana'antun mata da yara ne ke kwana, kuma bam na dare a 1943 ba ya bambancewa. Ƙasa da wata guda bayan daren, ranar 8 ga Satumba, aka sanar da cewa Italiya ta ajiye makami. Ban ba Liman amsa ba. Na dai gaya wa ɗalibaina washegari cewa in sun rubuta sunan Aaron su rubuta inda aka aike shi da abin da aka aike shi yi.

Abin da garinsu ya yi da shi, da abin da mu muke yi

Iyayensa sun karɓi lambar daga hannun Sarkin Ingila a 1944. Bayan yaƙi ɓarawo ya shiga gidansu ya kwashe lambobin, da 'yan sanda suka yi cigiya sai aka dawo da su ta gidan waya ba suna. Baba Saje ya ce ashe ɓarawo ma yana da inda yake jin kunya. Yau lambar tana gidan tarihin birnin Leeds. A 2001 kuma aka kafa masa mutum-mutumi a wani shataletale na birnin, bayan an bar wa jama'a zaɓin wanda za a karrama. An sassaƙa shi tsaye kusa da bishiya, yara na hawanta, wata yarinya a can ƙoli tana sakin kurciya. Injiniyan jirgin, Malcolm Mitchem, wanda ya tallabo su a ƙafa 3,000, shi ya yaye ƙyallen, shekara 58 bayan daren.

Mu ba ma sassaƙa mutum, kuma babu wanda ya kawo wannan shawara a majalisa. Muna da namu hanyoyin. Muna sallah mu binne, mu zauna karɓar gaisuwa, mu yi sadaka, mu sa mamaci a addu'a shekara da shekaru, abin da nake ganin ya fi tagulla amfani ga wanda ke kwance. Muna kuma mayar da suna, a haifi yaro a yi wa marigayi takwara. Amma ku lura da abin da ke biyo baya: saboda alkunya ba a kiran yaron da sunan, sai a ce Abba ko Baffa ko Mai-suna. Sunan yana nan a gida amma ba a furta shi. Bayan an kai ga jikoki da tattaɓa-kunne sai ka tarar da saurayi ana ce masa Baffa, ya san dai an ce kakan babansa ya je Burma, ba ya iya gaya maka ko ya dawo ko bai dawo ba.

Gwamnati tana da ranarta. A da 11 ga Nuwamba ake yi kamar sauran ƙasashen renon Ingila, aka mayar da ita 15 ga Janairu domin ranar ce yaƙin basasa ya ƙare a 1970. A Abuja da Dutse da Kano za a ajiye furanni, a busa bigila, a saki tantabaru. Wannan na kowa da kowa ne a dunƙule. Sojan samanmu, wanda aka kafa a 1964 kuma yake da makarantar horar da matuƙa a nan Kano, ya rasa mutane a yaƙin Arewa maso Gabas, kamar biyar ɗin da jirginsu mai saukar ungulu ya faɗi a Damasak a farkon Janairun 2019. Na tambayi ajina ko akwai mai iya kawo sunan matuƙin Najeriya ɗaya da ya mutu a bakin aiki. Wata yarinya ta ce Tolulope Arotile, wadda mota ce ma ta yi ajalinta a Kaduna a 2020. Ban da ita aji ya yi tsit, kuma ni malaminsu ban fi su da yawa ba kafin wannan makon.

Kwana biyu bayan gardamar, Baba Saje ya aiko jikansa ya kira ni. Na same shi a zaure ya buɗe wata tsohuwar adakar ƙarfe. A ciki akwai littafin sallamarsa daga soja, gara ta ci gefe ɗaya, da wani hoto da ya koɗe, su uku a tsugune da bindigogi a cinya. Ya ɗora yatsa a kan na tsakiya.

"Wannan a cinya aka same shi, muna ƙetare wani rafi. Mu biyu muka riƙa goyonsa bi da bi. Kwana biyu ya yi. Duk dare shi ke tashinmu in ya ji motsi, don shi ba ya barci. Da sunan garinsu muke kiransa, yadda aka rubuta shi a soja. Ban taɓa zuwa na gaya wa mutanensa yadda ya ƙare ba. Ka zo da yaranka su rubuta."

Ranar Asabar na je da ɗalibai huɗu da littafi mai shafi tamanin. Suka zauna a tabarma, ya fara. Da yarinyar da ke rubutu ta karanto masa abin da ta sa, ta zo kan cewa abokin ya rasu da dare, sai ya ɗaga hannu.

"A'a, 'yata, goge. Da asuba ne. Na ɗebo ruwa a hular kwano zan ba shi, na tarar ya riga ya tafi, ruwan na yi alwala da shi."